Idan arkiya ce mai gida, me ya sa tantanin ƙwayoyinmu irin na bakteriya ne?

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Akwai wani ƙulli da ya ƙi warwaruwa a kaina game da asalin ƙwayoyin halitta masu cibiya, irin na mutum da dabba da tsiro.

Bayanin da ake yi shi ne wata ƙwaya daga dangin arkiya, wato ƙananan halittu marasa cibiya da suka bambanta da bakteriya, ta haɗu da wata bakteriya, bakteriyar ta tare a cikinta, daga baya ta zama mitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwaya ƙarfi. To, idan haka ne, arkiya ce mai gida, bakteriya kuwa baƙuwa. Hankali zai ba mutum cewa katangar gida ta mai gida ce. Amma ga shi an ce tantanin da ya kewaye ƙwayoyinmu, da na cibiya, da sauran na ciki duka, kitsen da aka yi su da shi irin na bakteriya ne. Ta yaya baƙuwa ta sauya wa mai gida fata ba tare da ƙwayar ta fashe ba?

Na biyu, me ya sa ake ta nanata cewa ba don mitokondiriya ba da babu ƙwaya mai sarƙaƙiya? Ai bakteriya da yawa su ma suna numfashi da oksijin, suna yin ATP, sinadarin da ƙwaya ke ɗaukar ƙarfi da shi. Ina bambancin yake? Na uku, da me ake gwada waɗannan maganganu a ɗakin gwaji? Na gode.

Mai Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Bari in ɗauki ta biyu, don sai an gane aikin tantani kafin a gane sauran.

Tantani shimfiɗa biyu ce ta fosfolifid, wani irin kitse mai kai da jela, kawunan suna fuskantar ruwa ciki da waje, jelolin kitse sun haɗu a tsakiya. Kaurinsa wajen nanomita 5 ne. Abu mai caji ba ya ratsa wannan tsakiyar sai ta wata ƙofa ta furotin, kuma a kan wannan hanin aka gina numfashi gaba ɗaya. A kula a nan, furotin daban, furoton daban. Furoton shi ne haidirojin da ya rasa elektiron ɗinsa, shi ne ake turawa.

A tantanin ciki na mitokondiriya akwai rukunan furotin huɗu da ake kira na I, II, III da IV. Elektiron biyu daga NADH, sinadarin da ke ɗauko su daga abinci, suna shiga ta rukuni na I, ubikwinon ya kai su na III, saitokurom c ya kai su na IV, a can su haɗu da oksijin su zama ruwa. A hanya rukuni na I yana tura furoton 4 zuwa wajen tantanin, na III ya tura 4, na IV ya tura 2. Jimla 10. Rukuni na II yana shigo da elektiron daga saksinet amma ba ya tura ko ɗaya. Tarin furoton a gefe guda yana haifar da bambancin lantarki na milibolt 150 zuwa 180. Lambar tana da alamar ƙanƙanta, amma raba bolt 0.15 da nanomita 5 ki gani: bolt miliyan 30 ke nan a kowace mita.

Furoton ɗin suna komawa ciki ta injin ATP, wanda juyawa yake yi da gaske, fiye da sau 100 a daƙiƙa. A dabbobi zoben injin yana da gurbi 8, kowane zagaye ɗaya furoton 8 ke shiga, ATP 3 ke fita. Wato kusan furoton 2.7 a kan kowace ATP, a ƙara ɗaya na shigo da fosfet da musanyar ADP (wadda ake ƙara wa fosfet ta zama ATP), ya zama 3.7. Shi ya sa NADH ɗaya ke ba da ATP biyu da rabi ko ɗan sama, kuma gulukos ɗaya ke ba da wajen 30, alhali ba tare da numfashi ba 2 kawai ake samu. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, aka daɗe ana yi masa gardama, a 1978 ya karɓi lambar Nobel a kansa.

Gaskiyarki, bakteriya na yin duk wannan. Bambancin shi ne inda take yi. Ita a tantanin da ya kewaye jikinta take yi, don haka ƙarfinta ya dogara da faɗin fatarta, buƙatarta kuwa ta dogara da girman cikinta. Idan ƙwaya mai siffar ƙwallo ta ninka faɗinta sau 10, fatar ta ƙaru sau 100, cikin ya ƙaru sau 1,000. Kowane ɓangare na ciki rabonsa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma.

Za a ce to ta ninke tantanin zuwa ciki mana. Wasu suna yin haka. A nan ne Nick Lane da William Martin suka kawo hujjarsu a 2010: tantanin da ke riƙe da irin wannan lantarki yana buƙatar DNA kusa da shi, don a gyara rukunan numfashi nan take a daidai inda matsala ta taso. Dubi manyan bakteriya. Epulopiscium, da ke cikin hanjin wasu kifayen teku, tsawonta ya haura rabin milimita, kuma tana ɗauke da kwafin DNA ɗinta dubbai barjat, jere a gefen tantani. Haka Thiomargarita namibiensis da aka samo a gaɓar Namibiya. Sun yi girma, amma kowane kwafi cikakke ne, da duk tsadarsa, don haka babu rarar da za a gina wani sabon abu da ita.

Mitokondiriya ta bi wata hanya. E. coli tana da haruffan DNA miliyan 4.6 da ƙwayoyin gado sama da 4,000. DNA na mitokondiriyar mutum haruffa 16,569 ne, ƙwayoyin gado 37, cikinsu 13 kacal ke yin furotin. Sauran furotin sama da 1,000 da take aiki da su daga cibiya ake rubuto su, a shigo da su ta ƙofofin TOM da TIM. Ke nan ƙwaya na iya riƙe ɗaruruwa ko dubban mitokondiriya, kowace da 'yar takardar umarninta, a ajiye babban kundi ɗaya a cibiya. Sannan tantanin da ya kewaye ƙwayar ya huta da aikin riƙe furoton, ya sami damar lanƙwashewa, ya haɗiye abu, ya tsinke ya zama jaka.

Mai Binciken Tantani ta amsa:

Malama, tambayarki ta farko ita ce mai wuyar, kuma har yanzu masu bincike ba su daddale a kanta ba. Amma a fara da sanin girman bambancin, don ba ƙarami ba ne. Wuri uku ne.

Ƙashin bayan fosfolifid gilisarol ne. Bakteriya da ƙwayoyi masu cibiya suna amfani da gilisarol-3-fosfet, arkiya kuwa gilisarol-1-fosfet. Su biyun kamar hannun dama da na hagu suke, kuma enzayim ɗin da ke yin kowanne ba shi da dangantaka da na ɗayan. Jelar kitse a bakteriya da mu miƙaƙƙen asid na kitse ne, mafi yawa mai kabon 16 ko 18. A arkiya sarƙar aisofirin ce mai rassa, mafi yawa mai kabon 20. Ɗaurin da ya haɗa jela da gilisarol a wajenmu esta ne, a wajensu eta, wanda ya fi jure zafi da tsami. Wasu arkiya ma jelolinsu mai kabon 40 ne, sun ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, tantanin ya zama shimfiɗa ɗaya.

Dalilin da ya sa ake dagewa cewa mai gidan arkiya ce shi ne kayan sarrafa bayanan gado: yadda muke kwafar DNA, yadda muke karanta shi, raibosom ɗinmu mai haɗa furotin, duk sun fi kusa da na arkiya. Carl Woese ne ya ware arkiya daga bakteriya a 1977. A 2015 ƙungiyar Thijs Ettema ta jami'ar Uppsala a Suwidin ta harhaɗa DNA daga lakar ƙasan teku tsakanin Norwe da Girinlan, ta sami Lokiarchaeota, wadda ke ɗauke da ƙwayoyin gadon aktin da na ESCRT, wato kayan lanƙwasa tantani da tsinke shi, waɗanda a da ake zaton mu kaɗai ke da su. Dangin duka aka sa musu suna Asgard. A 2020 masu bincike a Japan suka sanar da cewa sun raini ɗaya daga cikinsu, Prometheoarchaeum syntrophicum, bayan aikin shekara 12. 'Yar mitsitsiya ce, wajen rabin maikiromita, tana ɗaukar kwana 14 zuwa 25 kafin ta rabu biyu, tana da dogayen hannaye masu rassa, kuma ba ta rayuwa sai da abokan zama da ke kwashe haidirojin da take fitarwa. Da aka auna kitsenta, na arkiya ne sak. Don haka ƙullin da kika gani na gaske ne.

A da ana cewa haɗa kitsen nan biyu a tantani ɗaya zai sa ya yi yoyo. Gwaji ya rushe wannan. A 2018 wata ƙungiya a Groningen ta ƙasar Holan ta sa wa E. coli enzayim ɗin arkiya, har kusan kashi 30 cikin 100 na fosfolifid ɗinta ya koma na arkiya. Ƙwayoyin sun ci gaba da rayuwa suna rabuwa, har ma sun ɗan fi jure zafi. Ke nan ba dole ba ne sauyin ya faru dare ɗaya. Tantani ba a taɓa gina shi daga babu. Tsoho ake ƙara wa sabon kitse yana faɗaɗa, a raba shi biyu. Idan hanyar yin kitsen arkiya ta tsaya, ta bakteriya ta ci gaba, bayan rabuwa goma tsohon kitsen ya ragu zuwa ƙasa da ɗaya cikin dubu. Sirki ne kawai, ba a buƙatar rushe komai.

Saura yadda aka yi hanyar bakteriyar ta yi rinjaye. Bayani mafi sauƙi shi ne ƙaurar ƙwayoyin gado: duk lokacin da wata baƙuwa ta mutu a cikin mai gida, DNA ɗinta yana zubewa, wani ya maƙale a na mai gida. Kwararar hanya ɗaya take bi, don idan mai gida ce ta mutu, an tashi wasa. Kuma baƙuwar ba za ta iya sakin nata kitsen ba. Rukuni na III da na IV da mai musanyar ADP da ATP duk suna buƙatar kadiyolifin, wani fosfolifid mai jela huɗu da ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na kitsen tantanin ciki, wanda gadon bakteriya ne. Idan dole a bar hanya ɗaya cikin biyu, ta mai gida ce za a iya bari.

Akwai bayani na biyu da ya fi burge ni, na Gould da Garg da Martin a 2016. Bakteriya masu tantani biyu suna yawan tsinko ƙananan jakunkuna daga tantanin waje su watsar. Idan bakteriyar tana cikin wata ƙwaya, jakunkunan ba su da inda za su, sai su taru a ciki, su haɗe da juna, wasu su je su narke cikin tantanin mai gida. Haka za a sami tantanan ciki na farko, da kitsen bakteriya tun daga ranar farko, sauyin kuma ya tafi daga ciki zuwa waje. Abin da ke goyon bayan wannan shi ne wurin da muke yin kitse a yau. Bakteriya da arkiya a tantanin jikinsu suke yi. Mu kuwa a ragar tantanan ciki da ake kira ER da kuma mitokondiriya ake yi, sannan a aika waje cikin jakunkuna. Har yau su biyun suna manne da juna a wasu wurare, tazarar nanomita 10 zuwa 30, suna miƙa wa juna kitse. Hujja ce mai kyau, sai dai ba ta kai tabbaci ba.

Kuma kada a ce arkiya ta tafi ba ta bar komai a tantani ba. Dolikol, wanda ake ɗora sukari a kansa kafin a liƙa wa furotin, sarƙar aisofirin ce, kuma arkiya ma da shi suke wannan aiki. Famfon da ke tsamama cikin laisosom, jakar narkar da abubuwa a cikin ƙwaya, zuwa pH 4.5 ko 5 ɗan'uwan injin ATP na arkiya ne, amma yanzu da baya yake juyawa: yana cin ATP ya tura furoton. Injin da a da yake samar wa mai gida ƙarfi ya koma mai kashe ƙarfin da baƙuwa ta samar.

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Allah ya saka da alheri. Maganar sirki ta warware mini rabin abin. Amma ke nan tantanin waje na mitokondiriya na mai gida ne, wanda ta naɗe baƙuwar da shi lokacin da ta haɗiye ta? Haka zanen littafi yake nunawa.

Sai An Gwada ya amsa:

A'a Malama, wannan zanen ya daɗe yana ɓatar da ɗalibai. Kakar mitokondiriya daga dangin alfa-furotiyobakteriya take ko maƙwabtansu na kusa, kuma su tun asali tantani biyu gare su. Shaidar tana jikin furotin na tantanin wajen. Yana ɗauke da masu siffar ganga, irin su forin da Tom40, kuma na'urar da ke dasa su, Sam50, 'yar'uwar BamA ce ta bakteriya, mai yin wannan aiki ɗin a tantanin wajensu. Irin waɗannan furotin a ƙwayoyinmu ba a samun su sai a nan, a tsirrai kuma har da kuloroflas. A tantanin ciki ma haka: Oxa1 ɗan'uwan YidC na bakteriya ne, kuma Mic60, da ke riƙe bakin ninke-ninken tantanin, akwai shi a alfa-furotiyobakteriya. Idan an taɓa samun tantani na uku na mai gida, ya ɓace tuni.

Ita kanta kalmar haɗiya ina so a yi hattara da ita. Ba a ga wata Asgard da aka raina tana haɗiyar komai ba. Hannaye aka gani. Shi ya sa wasu suka koma ga tunanin da David Baum da Buzz Baum suka kawo a 2014, cewa mai gida ta miƙa sassan jikinta ta rungume abokan zamanta a hankali, tsohon jikin ya zama cibiya, sassan da suka miƙe suka zama sauran ƙwayar. Kuma shiga ciki ba ta wajabta haɗiya. A jikin wani ƙwaro mai tsotsar ruwan tsiro akwai bakteriya Tremblaya, a cikinta kuma akwai wata bakteriyar, Moranella.

Sai abin da aka fi tsallakewa: babu bakteriyar da ke kyautar ATP. Mai musanyar da ke fitar da ATP daga mitokondiriya ya shigo da ADP ba gadon bakteriya ba ne, bayan haɗuwar aka ƙirƙiro shi. To kafin ya samu, me ya riƙe zaman? Dole wani cinikin ne. Martin da Miklós Müller sun ce a 1998 haidirojin ne, baƙuwa tana fitarwa, mai gida tana ci. Masu aikin Prometheoarchaeum sun juya shi, mai gida ce ke fitar da haidirojin, baƙuwar kuma tana kwashe oksijin da ke yi mata guba. Duk wanda ya ce miki an haɗu ne don ATP, ya fara labari daga tsakiya.

Game da lissafin Malam Mai Lissafi, a san cewa akwai masu ja. Michael Lynch da Georgi Marinov sun tattara ma'aunai a 2015 suka ce idan aka auna kuɗin ATP da ake kashewa a kan kowace ƙwayar gado da girman ƙwaya, bakteriya da masu cibiya a layi ɗaya suke, babu wani tsalle. A 2016 Pittis da Gabaldón suka ce furotin da suka zo da mitokondiriya sun fi wasu na bakteriya da ke jikinmu ƙuruciya, wato ta zo a makare, bayan an riga an fara sarƙaƙiya. An soki hanyar lissafinsu, amma muhawarar ba ta mutu ba.

Abin da ba a ja a kansa shi ne wannan. An taɓa zaton Giardia da Trichomonas da maikirosforidiya, ƙananan halittu masu cibiya da ke rayuwa a jikin wasu, jikokin ƙwayoyin da suka rabu kafin zuwan mitokondiriya ne. Duk an gano suna da ragowarta, 'yar jaka mai tantani biyu. A Giardia aikin da ya rage mata shi ne harhaɗa ƙullin ƙarfe da sulfa da wasu furotin ba sa aiki sai da shi. A 2016 aka sami Monocercomonoides da babu ko ragowar, amma danginta suna da ita, kuma sai da ta aro wata hanyar yin ƙullin ƙarfe da sulfa daga bakteriya kafin ta iya yar da ita. Ke nan duk mai cibiya da aka sani daga kaka ɗaya take, kuma kakar tana da mitokondiriya. Rayuwa ta haura shekara biliyan 3.5 a duniya, tsofaffin burbushin masu cibiya da aka yarda da su kuwa wajen biliyan 1.65 ne. Matakan tsakiya duk sun shuɗe, shi ya sa jerin abin da ya riga wani yake da wuyar kamawa.

Mai Ɗakin Gwaji ta amsa:

Ga ta uku. Tarihin ba a maimaita shi a kwalba, amma dogaron ƙarfi a kan lafiyar tantani ana ganinsa cikin awa biyu.

Ana yawan amfani da hantar ɓera. A yayyanka ta a ruwan sanyi mai sukuros milimola 250, HEPES ko Tris milimola 10 a pH 7.4, da EGTA milimola 1. A niƙa a bututun gilashi da tabaryar teflon, 'yan bugu kaɗan. A juya a sentirifuj a ƙarfin 600 zuwa 800 g na minti 10, cibiyoyi da tarkace su kwanta. A kwashe ruwan sama a juya a 8,000 zuwa 10,000 g na minti 10. Dunƙulen ruwan ƙasa-ƙasa da ya kwanta shi ne mitokondiriya. A wanke sau ɗaya ko biyu. Komai a kan ƙanƙara, digiri 0 zuwa 4.

A zuba su a na'urar auna oksijin tare da fosfet da abin ƙonawa, gulutamet da malet ko kuma saksinet. Za su riƙa shan oksijin a hankali. A ƙara ADP, shan ya yi sama nan take. ADP ya ƙare, ya koma ƙasa. A raba gudun shan lokacin da akwai ADP da na bayan ƙarewarsa. Idan an sami 4 ko fiye, tantanin ciki lafiya lau. Idan ya faɗo kusa da 1, yoyo yake, furoton suna komawa ta ɓaraka. A sa oligomaisin ya toshe injin ATP, numfashi ya lafa ko da akwai ADP, don matsin furoton ya kai inda rukunan ba sa iya ƙara turawa. A sa DNP ko FCCP, masu ɗaukar furoton su ratsa kitse da shi, numfashi ya tashi iya ƙarfinsa, ATP kuwa babu, duk zafi ne. A ƙarshe sayanaid ya tsayar da rukuni na IV, layin ya miƙe.

Inda ake lalata aiki: niƙa da yawa yana yaga tantani. Ruwa marar isasshen sukuros yana sa su kumbura, tantanin ciki ya warware ninkinsa, na waje da ba shi da ninki ya fashe. Ana gane wannan ta ƙara saitokurom c daga waje. Idan numfashi ya ƙaru fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, na wajen ya fashe. Kalsiyam da ya yi yawa yana buɗe wata babbar kafa a tantanin ciki, lantarkin ya zube, dalilin sa EGTA ke nan. Asid na kitse da ke yawo yana yin aikin DNP a ɓoye, shi ya sa ake ƙara albumin marar kitse, musamman ga tsoka. Ragowar sabulu a jikin gilashi ma ya isa. Daskarewa da narkewa sau ɗaya yana kashe wannan ma'aunin gaba ɗaya, duk da enzayim ɗin suna nan da ransu.

Asalin bakteriya kuma ana ganinsa da magunguna biyu. Saikulohekzimaid yana tsayar da raibosom na cikin ƙwaya, ya bar na mitokondiriya. Kuloramfenikol yana yin akasin haka. A asibiti wannan ba wasa ba ne. Linezolid idan an daɗe ana sha yana iya tara asid na laktik a jini, don yana taɓa raibosom ɗin mitokondiriya. Mai sauyin harafi na 1555 a DNA ɗinta, raibosom ɗinsa ya ƙara kama da na bakteriya, allurar jentamaisin kaɗan na iya kurmantar da shi, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Cutar Barth kuwa ta kadiyolifin ce kai tsaye: enzayim tafazin da ke gyara jelolinsa ya lalace, ninke-ninken tantanin ciki su hargitse, zuciya da tsoka su raunana, fararen ƙwayoyin jini su ragu.

Mai Lissafi ya ƙara:

Na karɓi gyaran Malam Sai An Gwada, lissafin 2010 hujja ce da ake muhawara a kanta. Amma ɓangaren da ya ce DNA yana bin tantanin numfashi yana da shaidar da ba ta dogara da wancan lissafin ba. Dubi furotin 13 da suka rage mana: 7 na rukuni na I, 1 na III, 3 na IV, 2 na injin ATP. Rukuni na II, wanda ba ya tura furoton, babu nasa ko ɗaya. Mitokondiriyar Giardia da ta Trichomonas, da suka bar numfashi, DNA ɗinsu ya tafi duka. John Allen ya ce dalilin shi ne sarrafawa a wurin. Wasu sun ce furotin ɗin ne suka cika ƙin ruwa, ba sa jawuwa ta TOM da TIM. Mai yiwuwa duka biyun ne.

Mafi ƙanƙantar misali shi ne Plasmodium mai kawo zazzaɓin cizon sauro. DNA na mitokondiriyarsa haruffa wajen 6,000 ne, furotin 3 kacal: saitokurom b na rukuni na III, da guda biyu na rukuni na IV. Ya yar da komai ya riƙe waɗannan. Maganin atobakwon saitokurom b ɗin yake kamawa ya rushe lantarkin tantanin, kuma sauyin amino asid ɗaya a gurbi na 268 ya isa ya sa maganin ya daina ci, shi ya sa ba a ba da shi shi kaɗai sai tare da furoguwanil.